Wata huɗu ina aiki da Scarlett Solo da makirufon AT2020

Labarai nake karantawa ina ɗorawa a YouTube, kuma da wayar salula na daɗe ina ɗaukar murya, har masu saurare suka fara cewa kamar daga cikin rijiya nake magana. Shi ne na yi ta maza na sayi makirufon AT2020 na kamfanin Audio-Technica na Japan. Sai da na buɗe kwali a gida na ga ashe babu inda zan soka shi a jikin kwamfuta. Gindinsa ƙafa uku gare shi, irin da ake kira XLR, kuma ko wayar haɗi ba a sako a ciki ba. Haka na koma kasuwa na haɗo da wayar haɗin da ɗan jan akwatin nan na Focusrite, wato Scarlett Solo samfurin 2019, wanda 'yan situdiyo ke ce wa saun kad, shi ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta.

Haɗin kansa bai kai minti biyar ba. Waya ɗaya daga makirufo zuwa gaban akwatin, wata ta USB daga bayansa zuwa kwamfuta. Daga kwamfutar yake shan wuta, don haka ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa matuƙar batirin laftof na da caji. Wannan kaɗai ya sa na yafe masa tsadarsa.

Na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti, na yi sallama, shiru. Na murɗa abin ƙara sauti har ƙarshe, shiru. Na kusa awa ina zargin an sayar mini da gawa, sai na kira wani abokina mai haɗa kiɗa. Ya ce, "Malam, ka danna 48V kuwa?" Ban danna ba. Irin wannan makirufo na kondensa ba ya motsi sai an tura masa wutar bolt 48 ta cikin wayar, kuma ɗan maɓallin yana nan kusa da ramin da na soka ta. Ina dannawa ya yi ja, murya ta fito. Ya kuma gargaɗe ni in riƙa kashe shi kafin in zare waya ko in soka.

Sauran kurakuran ma nawa ne. Ta saman makirufon nake magana kamar mai wa'azi, alhali ta gefe yake ji, gefen da tambarin kamfani yake. Sannan ɗaukar farko a kunnen hagu kawai ta fito, don na bar manhajar a kan layi biyu, makirufon kuwa layi na ɗaya kawai yake shiga. Da na mayar da ita mono, wato layi ɗaya, magana ta ƙare.

Abin da ya fi burge ni a akwatin shi ne zoben hasken da ke kewaye da abin murɗa sautin. Kore na nufin lafiya lau, in ya yi ja murya ta fashe. Ba sai na zuba wa allo ido ba, ina karatu ina satar kallonsa. Akwai kuma maɓallin da ke ba ka damar jin kanka kai tsaye a hedifon, ba tare da muryar ta makara ba. Sai dai ramin hedifon ɗin babba ne, na milimita 6.35, sai da na nemo ɗan kan da ake ƙarawa.

Wata ƙara mai kama da kukan ƙudan zuma ta dame ni mako guda. Na gano cajar laftof ce, wata ta bakin titi da na saya. In na zare ta, tsit.

Muryar kuwa ta fito garau, har numfashi ana ji. To, nan ne gizo ke saƙa. Fanka, janareton maƙwabta, zakaran gidanmu, cokali a kicin, duk yana kwashewa. Yanzu sai bayan sha ɗayan dare nake ɗauka, fanka a kashe, bargo rataye a bayana, gumi na zuba. Da yau zan sake saye, akwatin nan zan ƙara ɗauka, amma makirufo irin dainamik zan nema, kamar Shure SM58, wanda sai ka matso da baki yake jin ka sosai. Wanda kuma ke shirin hira da baƙo ya sani Solo ramin makirufo ɗaya gare shi, sai ya nemi yayansa 2i2 mai biyu.