Shirin 6 Minute English na BBC a Ajin Sauraren Turanci na Jami'a: Inda Ya Biya Buƙata da Inda Ya Gaza

Daga cikin kayan koyon Turanci da ake samu kyauta a intanet, babu wanda nake yawan ba ɗaliban aji ɗaya shawarar su riƙe kamar shirin 6 Minute English, wanda sashen koyar da Turanci na BBC yake fitarwa sau ɗaya a mako. Ina koyar da kwas ɗin Turanci na GST 111, wanda manhajar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta wajabta wa kowane sabon ɗalibin jami'a a Najeriya, kuma sauraro yana cikin abubuwan da aka ce a koyar a cikinsa, ko da yake a aikace shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ra'ayina game da shirin shi ne, yana da kyau ƙwarai wajen buɗe kunnen ɗalibi, amma bai isa ya kai shi inda jami'a take buƙatar ya kai ba, kuma malamin da ya dogara da shi kaɗai zai faranta wa ɗalibansa rai ba tare da ya biya musu babbar buƙatarsu ba.

Kafin a yi wa shirin hukunci, ya kamata a san irin ɗalibin da ake ba shi. Yaron da ya shigo jami'a ya zo da kiredit a Turanci daga WAEC ko NECO, amma ba a taɓa jarraba kunnensa ba. Takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ake kira jarrabawar furuci, a Najeriya a rubuce ake amsa ta: tambayoyi 60 a cikin minti 45, inda ɗalibi zai zaɓi kalmar da wasalinta ya yi daidai da na wata, ko ya nuna gaɓar da ake dannawa. Yana iya cin ta da maki mai kyau bai buɗe baki ba, bai kuma kasa kunne ga kowa ba. Takwarorinsa na Gana kuwa sauti ake kunna musu su saurara su amsa. Sakamakon haka, muna karɓar ɗalibai masu iya karanta shafi su gane, amma idan aka faɗi abin da ke shafin nan da baki, da saurin magana ta yau da kullum, sai rabinsa ya wuce su. Irin wannan ɗalibi ne zai zauna a zauren lakca na awa biyu, ana sa ran ya saurara, ya fahimta, ya kuma rubuta muhimman bayanai a lokaci guda.

Tsarin shirin ba ya canzawa, kuma wannan yana cikin alfanunsa. Masu gabatarwa biyu ne suke hira a kan maudu'i ɗaya, kamar barci, ko abinci, ko sauyin yanayi, ko tasirin wayar hannu a rayuwar mutane. A farko ɗaya yana yi wa ɗaya tambaya mai zaɓi uku, ba za a ba da amsarta ba sai a ƙarshe. A tsakiya ana sako gajerun muryoyin masana da aka ciro daga wasu shirye-shiryen rediyon BBC, sannan masu gabatarwa su fayyace abin da masanin ya ce. A ƙarshe ana maimaita kalmomi ko jimloli shida da aka koya. Ana iya sauke sautin, ana iya sauke rubutaccen kwafin duk abin da aka faɗa, kuma ba a biyan ko kwabo. BBC ta daɗe a wannan sana'a, domin tun 1943 take koyar da Turanci ta rediyo, kuma gogewar tana bayyana a yadda aka auna komai.

Abu na farko da ya sa shirin ya dace da mu shi ne gajartarsa. Sautin minti shida bai wuce 'yan megabait ba, don haka wakilin aji yana iya sauke shi sau ɗaya ya tura wa kowa a zauren WhatsApp na ajin, wanda ba shi da data kuma ya karɓa ta Bluetooth ko Xender daga wayar abokinsa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da aji ɗaya yake ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai, lasifikar zaure ba ta kai sauti kujerun baya, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Na daina ƙoƙarin kunna sauti a cikin zaure. Ina tura shi kafin ranar darasi, kowa ya saurara da abin kunnensa a ɗakin kwana ko a cikin mota, lokacin aji kuma mu ɓatar da shi wajen tattauna abin da aka ji da abin da ya kuɓuce. Mu mutane ne da muka saba da rediyo, gidaje da yawa an tashi ana jin Sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shirye-shirye tun 1957, saboda haka zama a kasa kunne ga murya ba tare da hoto ba ba baƙon abu ba ne ga ɗalibanmu.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne mafi daraja a shirin, shi ne muryoyin masanan nan da ake sakowa. Masu gabatarwa suna magana a natse, suna bin rubutu, suna fitar da kowace kalma. Masanin kuwa ba don mai koyo ya yi maganarsa ba: yana sauri, yana yanke jimla ya sake ta, yana haɗiye ƙarshen kalma, wani lokaci kuma karin harshensa na Amurka ne, ko na Indiya, ko na arewacin Ingila. A nan ne ɗalibi yake cin karo da ainihin matsalarsa. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, kuma mai magana yana ba kowace gaɓa haƙƙinta. Turancin Ingila yana da sautukan wasali kusan 20, kuma yana danna wasu gaɓoɓi ne ya murƙushe sauran, har ƙananan kalmomin da ke haɗa jimla su kusa ɓacewa, ƙarshen wata kalma ya narke cikin farkon ta gaba. Ɗalibi ya san kalmomin nan sarai a rubuce, bai dai taɓa jin su a murƙushe ba. Da yake muryar masanin ba ta wuce daƙiƙa ashirin ko talatin, yana iya maimaita ta har sai ya rarrabe kalmomin, sannan bayanin masu gabatarwa ya tabbatar masa ko ya ji daidai. Wanda yake son a yi masa bayanin wannan narkewar sauti dalla-dalla, akwai jerin gajerun bidiyo na Tim's Pronunciation Workshop a shafin guda, kuma sun cancanci a haɗa su da shirin.

Sai dai rubutaccen kwafin nan, wanda shi ne abin da ɗalibai suka fi ƙauna, shi ne kuma yake iya rushe amfanin shirin gaba ɗaya. Idan aka bar ɗalibi da zaɓinsa, zai buɗe rubutun ya riƙa bi da ido yayin da sautin yake tafiya, ko ya nemi shirin a YouTube ya kunna rubutun ƙasan allo, ya gama yana jin ya fahimci komai. Gaskiya ne ya fahimta, amma da ido ya fahimta, kuma idonsa dama ba shi da matsala. Ban ga laifin ɗalibai a wannan ba, domin duk wanda aka shekara goma sha biyu ana auna shi da takarda, dole ya ji tsoron sakin takarda. Abin da nake nema a wurinsu shi ne su saurara karo na farko ba tare da rubutu ba, su faɗi maudu'in da amsar tambayar farko. Su sake saurara su rubuta abin da kowane masani ya ce a jimla ɗaya. Sai bayan nan su buɗe rubutun, su ja layi a ƙarƙashin duk wurin da kunnensu ya ɓata. Wuraren da aka ja wa layi su ne darasin. Shirin bai tilasta wannan tsari ba, ya ajiye sauti da rubutu gefe da gefe ne kawai, saboda haka nauyin yana kan malami.

Haka kuma ɗalibai suna son a rage saurin sauti, kuma manhajojin waya suna ba da damar yin haka. Ina yarda da shi a makonnin farko ga wanda ya zo daga makarantar da ko malamin Turanci da Hausa yake bayani, amma ba na so ya zama ɗabi'a. A nan ne nake ganin shirin ya fi shirin koyar da Turanci na Muryar Amurka, wanda ya samo asali daga shirin Turanci na musamman da aka fara a 1959, inda ake karanta labarai a hankali da zaɓaɓɓun kalmomi kimanin 1,500. Wancan yana da amfani ga mai rauni sosai, kuma tsofaffin darussansa suna da yawa, amma babu malamin jami'a da yake magana da irin wannan jinkiri, kuma wanda ya saba da shi yakan sha wuya ranar da ya koma saurin gaske.

Inda shirin ya gaza a fili yake, kuma ba ƙarami ba ne. Hira ce tsakanin mutum biyu, lakca kuwa magana ce ta mutum ɗaya mai tsawo, wadda take da gabatarwa, da rassa, da misalai, da komawa baya, da wuraren da malami yake sakin layi ya dawo. Ƙwarewar da ɗalibi yake buƙata ita ce ya gane lokacin da aka shiga sabon batu, ya bambanta jigo da misali, ya san abin da zai rubuta da abin da zai bari ya wuce, kuma ya riƙe hankalinsa fiye da minti arba'in. Minti shida ba sa koyar da wannan juriya. Bugu da ƙari, masu gabatarwa suna tsayawa su fassara kowace kalma mai wuya, abin da malamin kimiyyar sinadarai ko na tattalin arziki ba zai yi ba. Wanda ya ƙware a shirin kaɗai yana kama da wanda ya koyi tuƙi a filin makaranta, bai taɓa hawa titin da manyan motoci suke bi ba.

Kalmomin da ake koyarwa ma suna da nasu gibin. Da yawa daga cikinsu salon magana ne na hirar yau da kullum a Birtaniya, masu daɗin sani, amma ba su ne kalmomin da suke yawo a lakca da littattafan karatu ba, irin waɗanda ake amfani da su wajen kwatanta abu biyu, ko kafa hujja, ko nuna sababi da sakamako. Wasu maudu'an kuma sun yi nisa da rayuwar ɗalibin da ya taso a Gusau ko Azare, ta yadda wahalar da yake sha ba ta harshe ba ce, ta rashin sanin abin da ake magana a kai ce. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka shafi al'adun da malami zai so ya saurara tukuna kafin ya tura wa aji mai haɗe da maza da mata. Tun da shirye-shiryen da aka tara suna da yawa ƙwarai, zaɓe ba ya wuya, amma dole a yi shi.

Akwai wani gibin da ba a cika ambatonsa ba, wato karin harshe. Turancin da ɗalibinmu zai ji a shekaru huɗu ko biyar na karatunsa, mafi yawansa ba daga bakin Bature zai fito ba. Daga bakin malami Bayarabe zai fito, ko Ibo, ko Tibi, ko Bahaushe ɗan'uwansa, kowanne da yadda harshensa na gado ya shafi furucinsa, kuma sau da yawa sabon ɗalibi ya fi shan wuya da waɗannan a zangon farko fiye da yadda yake sha da muryar Landan. Shirin ba a yi shi don wannan ba, ba kuma zan ɗora masa laifin abin da bai yi alkawari ba, amma malami ya san cewa buƙatar tana nan. Ni ina cike gibin da shirin Focus on Africa na BBC, inda ake jin 'yan jarida da baƙi daga sassan Afirka daban-daban, da kuma labaran Turanci na Rediyon Najeriya. Don horar da juriya kuma, laccocin Reith da BBC take gabatarwa tun 1948 suna nan a ajiye, ciki har da waɗanda Wole Soyinka ya gabatar a 2004, kuma ana iya yanka ɗaya gida uku a yi aikin rubuta bayanai da shi. Abin da ya fi duka shi ne a roƙi wani malami na sashen da ɗaliban suke ya yarda a ɗauki minti goma sha biyar na lakcarsa, a yi darasi da ita.

Ga masu niyyar karatu a waje, shirin yana taimakawa wajen shiryawa jarrabawar IELTS ta auna ƙwarewa a Turanci, amma da sharaɗi. Sashen sauraro na jarrabawar yana da kashi huɗu da tambayoyi 40, ana kunna sautin sau ɗaya tak, kuma kashi na huɗu magana ce ta mutum ɗaya a kan batun ilimi, wato daidai wurin da shirin ya fi rauni. Zai saba wa ɗalibi da karin harshen Birtaniya, amma ba zai maye gurbin gwaji da tsofaffin tambayoyin jarrabawar ba.

Ina ba da shawarar shirin ga ɗalibin aji ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, da kuma malamin da yake da babban aji ba shi da ɗakin gwajin harshe. A yi amfani da shi a rabin farko na zangon karatu, shiri ɗaya ko biyu a mako, a ɓoye rubutun sai an saurara sau biyu, sannan daga tsakiyar zango a fara rage shi ana ƙara dogayen jawabai da muryoyin Najeriya. Ɗalibin da ko hirar masu gabatarwa ba ya iya bi, ya fara da darussan matakin farko da suke shafin guda, ya dawo kan wannan bayan wata ɗaya ko biyu.