Hobie 16 ko Wave? Ga abin da na gani da nawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka saya tsakanin Hobie 16 da Wave, ƙananan jiragen ruwa masu ciki biyu da iska ke turawa da filafili. Ɗauki Hobie 16, in dai ka samu mai lafiya.

Nawa na hannu na saye shi a nan Legas, yau shekara shida ke nan, kuma har gobe da shi muke fita wajen Tarkwa Bay. Ranar da na fara ɗora babban ɗana a kai, iska ta cika filafilai, ɓangare guda ya ɗaga sama daga ruwa, muna tafe a kan ɗayan kaɗai. Yaron ya riƙe igiya gam yana ta ihu, ni kuwa na ɗauka tsoro ne. Muna sauka a yashi ya ce, "Baba, mu koma." Tun daga ranar ba ya barin Asabar ta wuce mu.

Hobie Alter, mutumin Kalifoniya, shi ya fito da wannan ƙirar a 1970, kuma an ƙera sama da 100,000. Amfanin wannan a gare ka shi ne kayan gyara ba sa wuyar samu. Tsawonsa ya ɗan haura mita 5, nauyinsa kilo 145. Cikinsa biyu a lanƙwashe suke kamar ayaba, babu allon da ake zura wa ta ƙasa, don haka kai tsaye kake hawa yashi da shi. Jikin faiba ne, falle biyu da soso mai tauri a tsakani. Wata rana wani gungume da ke yawo a ruwa ya tsaga min gefe. Mai gyaran jiragen faiba ya goge wurin, ya shimfiɗa ƙyallen faiba da gam, mako bai zagayo ba mun koma ruwa. Sai dai jirgin yana son mutum biyu, kuma in iska ta yi ƙarfi kuka bar nauyi a gaba, hancinsa zai nutse ya wuntsila ku. Wannan koyo ne, ana sabawa.

Wave kuwa, to, ba laifi. Roba ce da ake narkarwa a cikin mazubi mai juyawa, filafilinsa ɗaya, yana jure duka, shi ya sa otal-otal ke son sa. Amma in ya fashe gam ba ya kama shi, sai an yi masa waldar roba, kuma wata uku za ka yi ka ji kana neman wanda ya fi shi gudu.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka: ka yi hattara da dillalai. Kafin in samu nawa, wani ya kusa sayar min da wanda aka yi wa sabon fenti yana ta sheƙi. Allah ya taimake ni wani dattijo da ya daɗe a harkar ya raka ni. Bai ko kalli fentin ba, tafin hannu ya sa ya danna saman jikin, daidai gaban ƙafar da ke riƙe da shimfiɗar zama. Wurin ya lotsa kamar burodi. Faibar ta rabu da soson ke nan, kuma irin wannan yana iya karyewa a tsakiyar ruwa. Kai ma ka danna ko'ina, ka buɗe toshiyar baya ka ɗaga hancin ka ga yawan ruwan da zai zubo. Ka duba lambar da aka buga a bayan jikin: a ƙirar Amurka daga tsakiyar shekarun 1980, lambobi biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin, don haka ba mai ce maka na 2010 ne alhali na 1988 ne. Wayoyin da ke riƙe da doguwar sandar filafilin kuma, ko ya rantse sababbi ne, canza su kafin ka shiga ruwa.

Wanda ya ce ka tura kuɗi kafin ka gani da idonka, rabu da shi. In a Legas jirgin yake, yi min magana ranar Asabar mu je mu danna shi tare.