Soyayyar makiyayi a ƙauyen Weatherbury: sharhi kan Far from the Madding Crowd

Wanda ya saba da littattafan soyayya inda saurayi ke zuba kalamai tun shafin farko, sai ya yi haƙuri da wannan. Thomas Hardy ya fitar da shi a 1874, kashi-kashi a mujallar Cornhill, kuma kusan duk labarin a Weatherbury yake, sunan da ya laƙaba wa ƙauyen Puddletown na yankin Dorset a kudancin Ingila. A waya na karanta shi, kyauta, tunda tsufansa ya fitar da shi daga haƙƙin mallaka.

Bathsheba Everdene ta gaji gonar baffanta, ta kori mai kula da gonar saboda sata, ta ce da kanta za ta riƙe. Maza uku ne a kanta: Boldwood, attajirin manomi da ta aika wa katin soyayya don tsokana ya ɗauki abin da gaske, Saje Troy, soja mai daɗin baki da wasa da takobi, sai Gabriel Oak, makiyayin da karensa ya kora masa tumaki kusan 200 suka faɗa rami a dare ɗaya, ya koma ɗan ƙwadago a gonar Bathsheba, yarinyar da ta taɓa ƙin aurensa.

Gabriel ne ya riƙe ni. Akwai ranar da tumakinta suka afka wa ɗanyar ciyawa, cikinsu ya kumbura, suna faɗuwa suna kumfar baki. Ta riga ta sallame shi, amma shi kaɗai ya iya huda gefen tunkiya da siririn bututu iska ta fita ba tare da ya kashe ta ba. Ta aika masa da umarni, ya ƙi zuwa, sai da ta sauko ta roƙa. Wanda ya taɓa ganin dabba da kumburin ciki zai san Hardy ba a ɗaki ya ji labarin kiwo ba. Haka daren da hadari ya taso: Troy, wanda a lokacin ya zama angonta, ya bugar da ma'aikata da giya, Gabriel ya hau tarin alkama yana rufewa cikin walƙiya, ita tana miƙo masa damin yayi.

Inda na ji jiki shi ne hirar ƙauyawa a ɗakin sarrafa sha'ir na Warren. Turancin Dorset ne na da, wasu shafukan tsallakewa na yi. Kuma Hardy yana yawan jingina da tsautsayi: Fanny Robin, wata 'yar aiki a gidan gonar Bathsheba, ta rasa aurenta da Troy don kawai ta yi kuskure ta tafi wani coci daban ranar ɗaurin aure. Wannan bai shige ni ba.

Babi 57 ne, tafiyarsa a hankali. Idan Turancinka bai yi ƙarfi ba, ka fara da fim ɗin 2015 wanda Carey Mulligan ta fito a Bathsheba, sannan ka dawo kan littafin.