Sharhi kan na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti

Tsatsa daga ciki take cin tankin mai da tukunyar iska, waje kuwa yana nan sumul. Wannan ne ya sa na sayi ƙaramar na'urar auna kauri da sauti, ƙirar Sin mai aiki da batir, wadda take auna bango daga gefe ɗaya ba tare da an huda shi ba.

Lokaci ne na'urar take aunawa, kaurin kuwa lissafa shi take yi. Kan da ake dannawa a jikin ƙarfe yana aika sauti mai megahaz 5, wato girgiza miliyan biyar a daƙiƙa, wanda kunne ba ya ji, sautin ya ratsa ƙarfen, ya bugi bangon ciki, ya dawo; sai ta ninka lokacin da gudun sauti a cikin wannan ƙarfen, ta raba biyu saboda zuwa da dawowa. Gudun ya kai kusan mita 5,920 a daƙiƙa a baƙin ƙarfe, a alminiyam kuwa kusan 6,320, don haka wanda ya bar ta a saitin ƙarfe ya auna alminiyam zai ga adadin da ya gaza na gaskiya. Dole kuma a ɗiga gilisarin ko man inji a wurin, domin iska tana tare sautin.

Wajen daidaitawa ne na fi yaba mata. Akwai ɗan faifan ƙarfe mai kaurin milimita 4 a jikinta, wanda ake fara dannawa a kai kafin aiki. Sai dai faifan bai wadatar ba, gwamma a nemi guntun ƙarfe mai hawa-hawa irin wanda za a auna, a saita ta a hawa mai siranta da kuma mai kauri. Tun da na koma yin haka, abin da take nunawa a kan gogaggen ƙarfe yana dacewa da ma'aunin hannu.

Rauninta fenti ne, kuma rauni ne mai haɗari. Gudun sauti a cikin fenti bai kai rabin gudunsa a ƙarfe ba, saboda haka fenti mai kaurin rabin milimita yana iya ƙara fiye da milimita ɗaya a kan allo, tankin da ya sirance ya fito kamar lafiyayye. Manyan na'urori suna tsallake fentin ta hanyar auna tazarar da ke tsakanin amsa-kuwwa biyu, amma tawa ba ta da wannan, sai an goge wurin da samfefa. Haka kuma lambobin suna rawa a kan ƙarfen zubi da siririn bututu.

Ga mai walda da ke duba tankunan garejinsa ta ci kuɗinta, amma wanda zai sa hannu a takardar lafiyar tukunyar gas ya nemi mai tsallake fenti.