Imel ya ƙi sauka: Samsung da iPhone, kowace da inda take maƙalewa

Alhaji, ka ce Samsung ɗinka ta daina sauke sabon imel tun da ka dawo Jidda, alhali WhatsApp yana aiki lafiya lau, ga shi kana jiran tikitin jirgi ta Gmail, kuma an ba ka shawarar ka koma iPhone don wai ita ba ta wannan halin. Kada ka fitar da ko riyal ɗaya tukuna. Dukansu biyu suna yi, sai dai kowace da inda take maƙalewa. Akwai ma matsalolin da ko yau ka sayi sabuwar waya za su bi ka, domin a akwatin imel ɗin suke, ba a wayar ba.

Kafin ka taɓa saitin komai, buɗe Chrome ka rubuta mail.google.com ka shiga. Idan tikitin yana nan, saƙo ya iso, wayar ce ta ƙi ɗauko shi. Idan babu shi ko a can, har cikin Spam da Promotions, to ka ƙyale wayar, ba ta da laifi. Idan kuma shafin ne ma ya ƙi buɗewa, maganar intanet ce.

Wannan na ukun shi ya fi ruɗa mutanenmu a nan Saudiyya. Yawancin kunshin data da STC da Mobily da Zain suke sayarwa kashi biyu ne: data ta gama-gari, da wadda aka ware wa soshiyal midiya. Ta gama-garin tana iya ƙarewa ta bar ɗayar, sai ka ga WhatsApp da YouTube suna gudu, imel kuwa shiru, domin ba ya cikin lissafin soshiyal. Shiga manhajar kamfanin layinka ka duba ragowar kowane kashi daban. Haka Wi-Fi na otal a Makka ko Madina: alamar tana cika a saman waya, amma sai ka buɗe burauza ka amince da shafin shigarsu kafin komai ya wuce. Nan babu bambanci tsakanin Samsung da iPhone.

Idan saƙon bai iso akwatin ba sam, duba ko ya cika. Google yana ba kowa 15 GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke rabon wannan wurin. Da zarar ya cika, sabon imel ba ya shiga, komawa yake wurin wanda ya turo. A nan mai Android ya fi mai iPhone shiga hatsari, domin tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana cin wannan 15 GB ɗin. Mutumin da yake cikin rukunin iyali da na 'yan gari da na karatu, kullum bidiyon biki da wa'azi suna sauka, bai san lokacin da wurin zai toshe ba. Ajiyar WhatsApp ta iPhone kuwa iCloud take tafiya, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, mai 5 GB kacal kyauta. Ta fi saurin cika, amma imel na iCloud kaɗai take toshewa, ba ta taɓa Gmail. Shiga one.google.com/storage ka ga abin da ya cinye wurin. A wurin bincike na Gmail rubuta larger:10M, zai fito maka da manyan saƙonni ka goge. Ka kuma zazzage Trash, domin abin da ka goge yana zaune a can kwana 30 yana ci gaba da cin wuri. Bayan haka sai ka kira ofishin tikitin su sake turowa, kada ka zauna jiran wanda ya riga ya koma.

Yanzu ga ainihin bambancin wayoyin. Hanya biyu ce imel ke isa waya: ko dai a kawo maka wasiƙa har ƙofar gida da zarar ta iso, ko kai ka riƙa zuwa gidan waya lokaci-lokaci kana leƙa akwatinka. Manhajar Gmail a Samsung ta farkon take bi. Manhajar Mail da ke zuwa da iPhone kuwa, idan asusun Gmail na kyauta ne, ta biyun kaɗai take samu. Saboda haka matsalar Samsung yawanci ita ce wani saiti ya hana manhajar aiki a bayan fage, ta iPhone kuma ita ce ba a gaya mata yaushe za ta leƙa ba.

A Samsung ɗinka wurare huɗu ne, kuma a bi su a jere. Na farko, Settings, Accounts and backup, Manage accounts: a ƙasa akwai maɓallin Auto sync data. Mutane suna kashe shi don tattalin data lokacin tafiya su manta, kuma idan a kashe yake sai ka ja allon Gmail ƙasa da yatsa kafin saƙo ya fito. Na biyu, cikin Gmail kanta, Settings, ka taɓa adireshinka, ka tabbata akwai alamar maki a gaban Sync Gmail. Na uku shi ne wanda ya fi ɓoyewa: Settings, Apps, Gmail, Battery. Zaɓi uku ne a wurin, ka sa shi a Unrestricted. Idan yana Restricted, wayar tana kwantar da manhajar da zarar ka fita daga cikinta, ita ma Power saving tana taƙaita sauke saƙo muddin tana kunne. Na huɗu, Data saver a ƙarƙashin Connections da Data usage: ko ka kashe shi, ko ka sa Gmail cikin waɗanda aka yarje wa. Masu Tecno da Infinix da Xiaomi su ma wannan ciwon ne, har ya fi tsanani, domin manhajojin tsaftace waya da ke zuwa da su suna rufe duk abin da ke aiki a baya. Sannan idan ma'ajiyar wayar kanta ta kusa cika da hotunan Umara, Gmail tana daina saukewa har sai an samar mata wuri.

A iPhone kusan duk maganar tana shafi ɗaya: Settings, Mail, Accounts, Fetch New Data. Daga iOS 18 sai ka fara shiga Apps kafin ka ga Mail. A ƙasan shafin za ka ga kowane minti 15, minti 30, awa ɗaya, da hannu, ko Automatically. Wannan na ƙarshen sunansa yana yaudara, domin ba ya ɗauko saƙo a bayan fage sai waya tana kan caji kuma tana kan Wi-Fi. Direban da ke yini tsakanin Jidda da Makka a kan datar layi ba zai ga komai ba sai ya buɗe manhajar da kansa. A mayar da shi minti 15. Sai kuma a kalli alamar batir: idan ta koma rawaya, Low Power Mode ne a kunne, kuma yana dakatar da ɗauko imel. Wayar tana tayin kunna shi idan caji ya sauka kashi 20, ba ya kashe kansa sai ya kai 80. A zafin nan da batir ke saurin zubewa, wasu wayoyin kusan kullum a rawaya suke. Abu na ƙarshe, cikin saitin datar layi kowace manhaja da maɓallinta; idan na Mail a kashe yake, sai an dawo gida kan Wi-Fi saƙonni su zubo gaba ɗaya. A ganina mai Gmail a iPhone ya huta da duk wannan ya sauke manhajar Gmail daga App Store, saƙo zai riƙa shigo masa nan take kamar na Android.

Wajen gyara idan manhaja ta rikice, Samsung ta fi sauƙi: Apps, Gmail, Storage, Clear cache, ba ya goge maka komai. Maƙwabcinsa Clear data kuwa yana iya tafiya da rubutun da ba ka tura ba da sa hannunka na ƙasan saƙo, a bar shi sai an rasa mafita. iPhone ba ta da irin wannan maɓallin ga Mail, abin da ya rage shi ne cire asusun a sake saka shi.

Nan nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne ƙaramar matsala ke zama babba. Idan ka cire asusu, ko ka sayi sabuwar waya, Google zai nemi kalmar sirri, kuma sau da yawa ya tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ka yi rajista da shi. Idan layin Najeriya ne ko na Nijar da ka bari a gida, ko wanda aka riga aka rufe, ka kulle kanka a waje ke nan da tikitinka a ciki. Tun kana ciki, shiga myaccount.google.com, sashen Security, ka ƙara lambarka ta Saudiyya. Idan tabbatarwa mai mataki biyu a kunne take, ka fitar da lambobin ajiya guda 10 da Google ke bayarwa, kowace mai lamba 8, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da fasfo.

Idan ka zo sake sakawa, zaɓi tambarin Google kai tsaye, kada ka bi Other ka cika da hannu. Tun ƙarshen Mayun 2022 Google ya daina karɓar shiga da kalmar sirri zalla daga manhajojin imel da aka cika saitinsu da hannu, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook da Hotmail a Satumban 2024, shi ya sa tsohon saiti yake ta cewa kalmar sirri ba daidai ba alhali daidai take. Mai imel na kamfani kuma ya tambayi wanda ke kula da shi ko IMAP ne ko POP kafin ya cire. IMAP yana barin saƙonni a sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye imel. POP kuwa yana iya saukewa ya goge na sabar, sai cire asusun ya tafi da tsofaffin saƙonni duka.

Yadda ka kwatanta taka, WhatsApp na aiki imel ba ya sauka bayan tafiya, na fi zargin ragowar data ta gama-gari, sai Auto sync data, sai cikar 15 GB. Duba su a wannan jerin. Idan duka ukun lafiya suke, turo hoton abin da Gmail ke rubutawa a allo idan ka ja shi ƙasa, ka rufe adireshinka kafin ka turo.