Na'urar sikanin kaya a sito: wacce ta dace da ƙurar Kano?

Masu sito a Singer da Sharada da Bompai, da masu magunguna da suka koma sabuwar kasuwar Dangwauro, sun fara barin littafi da biro suna komawa na'urar hannu mai karanta bakod, wato zanen layukan lamba da ke jikin kaya. Kafin ka fitar da kuɗinka, ka tuna cewa yaronka zai ɗaga hannu ya sauke daga safe har la'asar, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga hazon hunturu mai shiga ko'ina. Siffar na'urar a hannu da ƙarfinta a gaban ƙura su ne ma'aunina.

Wayar Android mai karatu da kyamara ba ta aikin sito ba ce: tana nawa, faɗuwa ɗaya a siminti kuma ta gama da ita. Urovo da Chainway na Sin suna da sauƙin kuɗi, za su yi wa ƙaramin shago. Honeywell CK65 ba laifi, sai dai ban ga abin da zai raba ni da zaɓina saboda ita ba.

Zaɓina shi ne Zebra MC3300x, mai mariƙi irin na bindiga. Yatsa na kan kunama, hannu a miƙe, ba sai ana murɗa wuyan hannu ana laluben maɓalli a gefe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2016 kamfanin Zebra ya fito da TC8000, inda ya ɗora allon yana fuskantar ma'aikaci don kada ya riƙa karkata na'urar bayan kowane sikani, ya kuma ce hakan ya ƙara saurin aiki da kashi 14 cikin ɗari. Lissafin kamfani ne, amma duk wanda ya tsaya wajen sauke tirela guda ta katan-katan ya san gajiyar hannu ce ke rage aiki bayan azahar.

MC3300x tana da maɓallai na gaske baya ga allon taɓawa. Hannun da ya jiƙe da zufa ko ya yi butu-butu da garin fulawa, allo ba ya jin sa sosai, maɓalli kuwa ka danna ya amsa. An yi ta ta jure faɗuwa daga mita 1.8 a kan kankare. Lambar kariyarta IP64: shidan farko na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, huɗun kuma fantsamar ruwa. Mu a nan shidan ne ya dame mu. Batirinta 7,000 mAh, kuma ana zare shi a saka wani ba tare da ta mutu ba, abin da ke ceton aiki ranar da ba wuta kuma janareta ya ƙi tashi. Idan kantocinka dogaye ne har kusa da rufi, sai ka duba yayarta MC9300, wadda wani samfurinta ke karanta lamba daga nisan kusan mita 21, amma ta fi nauyi da tsada.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan nake so ka natsu. An taɓa sayar wa sitonmu na'urar gwanjo da sunan sabuwa, an canza mata riga, kwalinta fes. Ba ta yi nisa ba batirin ya kumbura har murfin ya ƙi rufuwa, mai sayarwa kuma ya daina ɗaga waya. Saboda haka kada ka yarda da kwali. Ka zare batir ka duba lambar siriyal da ke jikin na'urar, ka shiga saitin ka ga ko ita ce a ciki, sannan ka saka ta a shafin duba garanti na Zebra. In suka saɓa, ajiye wa mai sayarwa kayansa. Ka duba kan sukurori, in sun ci sukundireba an taɓa buɗe ta, kuma wadda aka buɗe ba ta da tabbacin hana ƙura, ko me aka rubuta a jiki.

Akwai kuma tsofaffi masu Windows da ake shigo da su da araha. Microsoft ya daina kula da Windows Embedded Handheld 6.5 tun Janairun 2020, sababbin manhajojin sito kuwa Android suke nema. Wasu na gwanjon ma suna zuwa a kulle da tsarin kamfanin da ya yi amfani da su a Turai, ba za ka iya saka manhajarka ba. Batirin jabu shi ya fi yawa: takardarsa ta yi kama da ta asali, amma ba ya kai azahar.

Ka tafi da katan ɗinka wanda bakod ɗinsa ya goge ko leda ta rufe, ka gwada a gaban mai sayarwa. Ka ce: “Alhaji, a rubuta min siriyal da wa'adin garanti a rasit, da batir na biyu da caja mai ɗaukar batir huɗu.” In ya fara kame-kame, akwai wani shagon.