Zanen gilashi ko na kwamfuta, don fim ɗin Yamai ta da?

Ɗan'uwa, ka ce labarinka na shekarun 1950 ne a bakin kogin Kwara, ga kuma gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 tsaye cikin hoto. Kana tambaya da me za ka ɓoye ta, zanen hannu a gilashi ko kwamfuta.

Na gilashi tsohuwar dabara ce, tun 1907 wani mai shirya fim, Norman Dawn, ya yi aiki da ita a Amurka. Ana kafa faffaɗan gilashi tsakanin kyamara da wurin, mai zane ya shafe gadar da turakun lantarki da fenti, ya sa gaɓar Harobanda, unguwar da ke tsallaken kogin, da itatuwa a gurbinsu, ya bar ƙasan gilashin fes don a ga 'yan wasa da kwale-kwale na gaske. Abin da ka leƙa ka gani shi za ka samu, ba jiran gyara. Amma fa sharuɗɗansa da tsauri. Kyamara ba ta motsi ko kaɗan. In an zana inuwar la'asar, to da la'asar za a ɗauka, rana ta gota sai gobe. Ɗan wasa ya ɗaga sanda ta haura layin fenti, sai ka ga kanta ya ɓace. Dole a tsuke ƙofar hasken kyamara don gilashin da ke kusa da kogin da ke nesa su fito tare. Kuma kada ka yi gangancin ɗauka da hunturu: ƙura za ta kwanta a gilashin, hazo ya sauya launin sama alhali naka na fenti yana nan shuɗi.

Kwamfuta ta yafe maka yawancin wannan. Ka motsa kyamara, ka gyara launi bayan wata guda. Kuɗinta shi ne gwanin haɗawa, da haƙurin ɗaukewar wuta.

Ni dai da zan zaɓa, haɗa su zan yi. A zana da hannu a kan allo, a ɗauki hotonsa, a liƙa a kwamfuta da kyamara tsaye. In kuma mai zanen allunan shaguna za ka ɗauko, ka ja masa kunne. Hannunsu ya saba fito da komai tsaf, alhali abin nesa dishi-dishi ido ke ganinsa. Ka sa shi ya riƙa duba zanen ta cikin kyamara tun daga fara shafa fenti.